Silifa a Ƙofar Dinar Kyaftin

"Silifa fa, Auta. Silifan alwala, shuɗi, mai igiya tsakanin yatsu."

"Mama, na ji. Tun daga tashar jirgin Norfolk kike faɗa, awa huɗu a mota—"

"Zan kai shi awa arba'in in na ga dama. Ranar da kika kawo min shi me na ce? Na ce ɗan wane ne, me yake yi? Kika ce min hi is a gud man. To ga gud man ɗinki nan, ya tuɓe ƙafa ya tsuguna a gaban Turawa kamar wanda aka kama da akuyar sata."

Anissa ta ajiye soson wanke-wanke ta juyo. Idanunta sun kumbura tun a jirgin ruwa, har yanzu kumburin bai sauka ba.

"Gaishe ki ya yi, Mama. Ba ke kike cewa yaran Amurka ba su iya gaisuwa ba?"

"Gaisuwar gida a gida ake yin ta, ba a bakin dinar kyaftin ba." Hajiya Tchima ta kifa murfin tukunya da ƙarfi, ta ɗaga murya wajen falo. "Alhaji, kana ji ka yi shiru?"

Alhaji Garzali na zaune tsakanin akwatunan da ba a kwance ba tukuna, carbi a hannu, ƙafafunsa cikin babbar riga.

"Ina ji," ya ce.

"To faɗa mata da bakinka. Babu aure. Gobe a kwashe kayan sa-ranarsu a mayar musu, har goron da ya rage."

Anissa ta fito ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon mahaifinta. Shi ne ya fara yabon Soumaïla a gidan nan. Shi ne ya ce a zamanin nan samun yaro mai kunya irin wannan sai an tona. Ya ja carbi ɗaya, biyu, uku.

"Abin da uwarki ta ce," ya faɗa wa kafet.

Abin da ya kawo wannan duka tafiya ce ta kwana biyar a jirgin ruwa, irin na yawon shaƙatawa, wanda matan Greensboro ke kira kuruz. Anti Assibi ce ta dasa wa Hajiya son tafiyar. Ƙawaye ne tun Maraɗi, irin ƙawancen da kowace ke auna zanin 'yar'uwarta da ido kafin ta amsa sallama. Hajiya na da shagon kitso. Assibi kuwa tana kula da wata tsohuwar Baturiya a Irving Park, unguwar manyan gidaje, kuma sau biyu tsohuwar ta tafi da ita kuruz don ta riƙa tura mata keke. Tun daga nan Assibi ta koma magana ta hanci.

"Tchima ma sheri, shekara ashirin da biyar a Amurka ba ki taɓa cin dinar kyaftin ba? Hmm. Bon, ba laifinki ba ne. Wasu abubuwan sai an tashi da su."

Kwana uku Hajiya tana kitso tana jan gashin mutane fiye da kima. Rana ta huɗu ta sanar cewa za a yi bikin cikarsu shekara talatin da aure a kan teku: ita, Alhaji, Anissa, da Assibi don ta gani da idonta. Sai kuma Soumaïla, wanda aka sa wa rana da Anissa bayan Babbar Sallah.

Soumaïla bai so zuwa ba. Direban motar ɗaga kaya ne a wani babban sito, yana zaune da 'yan garinsu biyu a East Greensboro. Kakarsa ce ta raine shi a wani ƙauye kusa da Tasawa, ta kuma raine shi da tsohuwar kunya: suruki ba a kallon idonsa, ba a cin abinci gabansa, ba a tsaya masa da takalmi a ƙafa. Shekara shida a Amurka ba su kankare masa ko ɗaya ba.

"Yaya zan ci abinci gaban Mama da Baba, Anissa? Da cokali mai yatsu kuma?"

"Ka riƙa tura shinkafar daga wannan gefe zuwa wancan. Turawan ma haka suke yi."

Ita ta saya masa takalmin tafiyar, baƙi, sau-ciki, lamba goma, da ɗan jan zare a gefen dunduniya. Ita kuma ta hana shi ɗaukar takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki, ta ce in Mama ta gan shi a jirgi teku za ta faɗa. Haka ya hau jirgi da sabon takalmi a ƙafa, silifan alwala a jaka, ba na uku.

Alhaji ma bai tsira ba. Tun daga gidansu na McLeansville har bakin ruwa Hajiya ke karanta masa doka.

"Alhaji, jirgi ba Maraɗi ba ne. Ba shimfiɗa darduma a hanya. Ba sakace a tebur. Kuma don girman Allah ba cire takalmi a ƙofar ɗaki, kar ka maimaita min abin da ka yi a otal ɗin Atlanta. Wannan da na saya maka, a ƙafarka zan gan shi har mu dawo."

Mutumin da ke sayen motoci goma a gwanjo ya tura tashar ruwan Kwatano ba tare da ya ƙifta ido ba, shi ne ke ta cewa, "To, Hajiya. To."

Dinar kyaftin, liyafar da shugaban jirgin ke yi wa fasinjoji, ta faɗo yamma ta uku, ƙarfe shida. Matan sun shafe awa biyu a ɗakin Assibi suna ɗaurin kai. Suka tarar da Alhaji a ƙofar zauren cin abinci cikin farar babbar riga mai sharar ƙasa, yana gumi duk da sanyin wurin. Aka kai su tebur. Fitilu kamar inabi sun sauko daga rufi, maza cikin baƙar kwat, mata sai ƙyalli, cokula huɗu-huɗu a gaban kowa. Assibi na nuna wa Hajiya na miya da ƙaramin yatsa a miƙe. Kujerar Soumaïla ce kaɗai babu kowa.

Anissa ce ta fara jin ƙarar. Fat. Fat. Fat.

Ta juya. Ga shi cikin shaddarsa ruwan toka, guga kamar wuƙa, hula zanna a kai. A ƙasa kuwa shuɗin silifa, yatsu goma a fili. Shugaban masu hidimar zauren, wani dogo mai ɗan nakatayi irin malam-buɗe-littafi a wuya, ya tare shi da tafin hannu da irin murmushin da ba ya kaiwa ido.

"Sori sa. No filif-filof tunait." Wato yau ba a shiga da silifa.

Da abin ya tsaya nan, da Soumaïla ya juya, da wataƙila an yi faɗan kwana biyu an wuce. Amma Hajiya ta miƙe ta nufi ƙofar, ɗaurinta na gaba tana biye. Soumaïla ya hango ta, jikinsa ya riga hankalinsa. Ya zare silifan, ya jera su gefe ɗaya, ya tsuguna a kan jan kafet da ƙafa tsirara, kai a ƙasa.

"Mama, barka da yamma. A yi min afuwa."

Wata Baturiya mai farin gashi ta ɗauka wani biki ne na Afirka, ta fara tafi. Teburin kusa suka kama. Wayoyi suka tashi sama, ta Assibi ce kuma ta riga kowace.

"Tashi," Hajiya ta ce, leɓenta ko motsi ba ya yi. "Tashi ka ɓace min."

Ya ɗauki silifansa a hannu ya tafi. Anissa ta bi shi da gudu tana kuka, ya riga ta shiga lif. Alhaji kuwa bai tashi daga tebur ba. Takardar jerin abinci ya riƙe a fuska yana karantawa kamar wasiyya.

Sauran kwana biyun Soumaïla ya yi su a saman jirgi, inda masu gajeren wando ke cin abinci a tsaye. Ya dawo Greensboro a motarsa shi kaɗai.

Washegarin faɗan kicin aka mayar da kayan. Kwana uku bayan haka Anissa ta bar ofishin likitan haƙorin da take aiki lokacin hutun rana, ta je ta same shi a filin ajiye motocin siton, yana zaune a bayan motarsa da robar abinci a cinya bai buɗe ba.

"Ina takalmin?"

"Yi haƙuri, Anissa."

"Ba haƙuri na tambaye ka ba. Ka yar? An sace? Ya matse ka? Faɗa min wani abu, ko ƙarya ce, in kai wa Mama."

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Gaskiyar kuma ba tawa ba ce."

"Ba tawa ba ce," ta maimaita da muryarsa sak, har da yadda yake sauke kai. Da can in ta yi haka sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Yau ko murmushi bai yi ba. "To ta wa ce? Ta kyaftin?"

Ya sunkuya yana kallon robar da ke cinyarsa.

"Ka san me ake kiranka a guruf ɗin mata? Ango Silifa. Anti Assibi ta saka bidiyon, ta rubuta a ƙasa, 'Ni dai ban ce komai ba.' Kawunka da aka kai wa kayan ko ruwa bai iya ba mutane ba don kunya. Ni kuma ina gidan nan kamar gawar da aka manta ba a kai ba. Kalma ɗaya za ka faɗa, Soumaïla."

"Na sani."

"To zaɓi. Ni ko sirrin?"

Ya ɗago, idanunsa jawur. "Ke. Wallahi ke. Amma in na tona wanda ya ɓuya a bayana don in same ki, wane irin miji kika samu?"

"Wanda ya aure ni," ta ce. "Ya fi wanda ya bar ni."

Ta shiga mota. A madubi ta ga ya biyo ta taku biyu ya tsaya. Ta kai titi na biyu kafin ta faka ta kifa kai a sitiyari.

Sati shida suka wuce, gidan McLeansville ya zama gidan makoki marar gawa. Anissa ta daina yi wa mahaifinta magana in ban da gaisuwa, gaisuwar ma bango take kallo. Ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa. Dattawan masallaci biyu suka zo biko, Hajiya ta ba su shayi da labarin dinar tun daga farko, da muryar dogon mai hidima da komai. Suka juya ga Alhaji. Ya ce abin da uwarta ta ce.

Da akwai mai kallon Alhaji a gidan, da ya ga abubuwa. Ya koma alwala a banɗaki da ƙofa a kulle. Ya fara wanke safarsa da kansa, mutumin da bai san inda ake kunna injin wanki ba. Yana ɗingishi, in an tambaya ya ce sanyi ne, alhali ana tsakiyar zafin Yuni. Wani wari ya fara bin ɗakinsa, Hajiya ta ce ɓera ne ya mutu a rufi, ta ƙara turaren wuta. Shekara goma sha biyu yana da ciwon suga, kowa ya sani. Amma Hajiya ba ta kallon ƙasa sai in ƙafar wani ce, Anissa kuma ta rantse ba za ta kalle shi ba.

Ranar wata Talata da hantsi ya faɗi a filin motocinsa, jiki kamar garwashi. Motar asibiti ce ta ɗauke shi.

Likitar ta same su a zauren jira, ta yi bayani a hankali, Anissa na fassara wa mahaifiyarta. Ciwo ne a ƙafar hagu, ya ruɓe ya shiga jini. Yatsu biyu sai an cire, ƙaramin da na kusa da shi, yau ɗin nan, in ana son ceton sauran ƙafar.

"Ciwon me?" Hajiya ta ce. "Ƙusa ya taka?"

Likitar ta ce a'a, ya fi kama da gurzar takalmin da ya matse. Masu suga ba sa jin zafin da wuri. Ta ce da ya zo a satin farko, da magani da bandeji sun isa.

"Takalmin da na saya masa daidai ƙafarsa yake. Lamba goma sha ɗaya. Ki gaya mata ni na auna."

Anissa ba ta fassara wannan ba.

Washegari da safe ta je ɗauko motar mahaifinta daga fili. Ta buɗe but ɗin bayan motar don ta saka jakar magungunansa, ta ɗaga dardumar da ke shimfiɗe a ciki, sai ga wata leda a ƙasa, an ƙulle bakinta sau biyu. Ta kwance.

Baƙi, sau-ciki, an goge shi yana ƙyalli. Jan zare a gefen dunduniya. Ta juya ƙasan: lamba goma. Ta leƙa cikin na hagu, can wajen ƙaramin yatsa fatar ta yi baƙi-baƙi da busasshen jini.

Ta zauna a kan kwalta, tsakanin motocin da aka rubuta wa lamba da farin alli, takalmin a cinyarta.

Da azahar ta shiga ɗakin asibitin. Alhaji na kwance, ƙafar hagu a naɗe an ɗora ta kan matashi, fuskarsa ta zama ta wani tsoho da ba ta sani ba. Hajiya na gefe da jan ido. Anti Assibi ta zo dubiya da kular farfesu, tana bayani ta hanci.

"Tsohuwata ta Irving Park, duk wata sai an duba mata ƙafa. Mu baƙaƙe ba mu da wannan kilas ɗin, wannan wayewar, shi ya sa—"

Anissa ta ture kular gefe, ta ajiye takalman a kan teburin gado, a jere, bakinsu na kallon mahaifinta.

"Me ye wannan kuma?" Hajiya ta ce. "Takalmi a wurin abinci?"

"Baba ya sani."

Alhaji ya kalle su. Ya ɗora damtse a kan idanunsa, kafaɗunsa suka shiga girgiza, sai ga kuka irin na manya, wanda ba ya da sauti sai numfashi.

"Na yaron ne," ya ce.

"Wane yaron?"

"Hajiya, ki bar ni in kai ƙarshe. Shekara talatin ban taɓa ce miki haka ba."

Ta rufe baki.

"Ranar dinar, kuna can kuna ɗauri, na dawo ɗaki yin la'asar. Na cire takalmi a ƙofa. Wallahi ban san na cire ba, ƙafa ce ta yi abin da ta saba shekara sittin. Na yi salla, na ɗan kishingiɗa. Na fito biyar da rabi, babu takalmi. Ko masu shara ne suka kwashe, ko wa, Allah masani. Na tuna abin da kika ce a mota. Na tuna Atlanta." Ya share fuska. "Da safa na sauka har hawa na biyu, na buga masa ƙofa. Ban roƙe shi ba. Ƙafata kawai ya kalla, ya tsuguna, ya cire nasa, ya saka min da hannunsa. Ya ce, Baba, zai ɗan matse ka, ka cire da an gama. Na ce kar kowa ya ji, musamman Hajiya. Ya ce to shi bari ya zauna a ɗaki. Ni na ce a'a, in ba ka zo ba za ta ce ka raina ta, ka zo, wando zai rufe."

"Wando bai rufe ba," Anissa ta ce.

"Bai rufe ba. Ina zaune ina jin tafin. Na ce bari in tashi, ƙafata ta ƙi. Na ce gobe zan faɗa. Goben kuma na ci gaba da saka takalmin don kar uwarki ta tambaya, har muka sauka. Da muka dawo na ga ƙafar ta fashe. In na nuna, za a ce me ya ji maka. In na faɗi me ya ji min, sai in faɗi na wa ne. Sau uku ina zuwa ƙofar gidansu da ledar nan, in zauna a mota, in juyo." Ya sauke hannun, ya kalli 'yarsa. "Ina ganin kina ramewa, Auta. Ina gani."

"Ka ce abin da uwata ta ce, Baba. Sau biyu."

"Na ce."

Anti Assibi ta miƙe tana gyara mayafi. "Bon, bari in duba mota, kamar ban faka daidai ba."

"Anti, wayarki na hannu ai," Anissa ta ce, ta hanci, da muryar Assibin sak. "Ki ɗauki wannan ma ki saka a guruf, ma sheri. Ki rubuta ba ki ce komai ba."

Assibi ta fita ta bar kularta.

Hajiya ba ta ko kalli ƙofar ba. Ƙafar da aka naɗe take kallo, hawaye na bin hodar fuskarta.

"Tsorona kake ji haka, Alhaji? Har ka gwammace ƙafarka ta ruɓe?"

Ya kawar da kai wajen bango. Ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta.

Anissa ta fita baranda ta kira lambar da ta goge sati shida da suka wuce, wadda ba ta taɓa barin kanta ba. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Na ga gaskiyar da ba taka ba."

"Ba ni na faɗa ba."

"Na sani. Shi ya sa nake son in shaƙe ka. Kana ina?"

"Ƙasa."

"Ƙasan ina?"

"Nan asibitin. A masallaci na ji jiya. Na ce ko za a nemi jini, ko aike. Ban hau ba, kar Mama ta gan ni ranta ya ƙara ɓaci."

Ta jingina da bango, tana dariya tana kuka. "Hawa na huɗu. Ka hau kafin in sauko in jawo ka."

Ya iso cikin kayan aiki, da takalminsa mai ƙarfe a baki. Shi ma ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Yana hango Hajiya ta ƙofa ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalmin.

"Shigo da abinka, ɗana," Alhaji ya ce da sauri. "Kar ka bar komai a ƙofa. Abin da ƙofa ta ci min ya isa."

Ya shigo a takure kamar mai tafiya kan ƙwai, ya tsuguna gefen gado. Alhaji ya lalubo hannunsa ya riƙe.

"Ka yafe min."

"Baba, ba komai—"

"Akwai komai. Ka rufa min asiri, ni na bar ka a rana. An yi maka dariya, an sa maka suna, an mayar wa kawunka kaya, duk kana da kalma ɗaya a baki ba ka faɗe ta ba. Auta, ki ji, ke ma Hajiya. Mun je muna kallon abin da ke ƙafar mutum, ba mu tambayi me ya sa ba. Kunyar awa ɗaya na guda, ga shi na biya ta da yatsu biyu da hawayen 'yata. Gaskiyar da aka rufe kamar ciwon nan take, ba warkewa take yi a cikin safa ba, ci take yi. Shi kuwa mai haƙuri, ko da silifa ya zo, shi ke shiga daga ƙarshe." Ya numfasa. "Ranar da aka sa tana nan, bayan Babbar Sallah. Ni da kaina zan je wa kawunka, ko a keken guragu ne. Likita ta ce wata uku ba zan saka sau-ciki ba. To da silifa zan ɗaura muku aure, duk mai waya ya zo ya ɗauka."

Soumaïla ya ƙara sunkuyar da kai, ɗigo biyu suka faɗo kan bakin ƙarfen takalminsa. Anissa ta juya wajen taga tana share fuska da bayan hannu.

Hajiya ta miƙe a hankali. Ta buɗe kular Assibi, ta zuba farfesu a kwano har ya kusa zuba, ta miƙa wa Soumaïla da hannu biyu, ba ta kalle shi ba. Ya karɓa da hannu biyu, shi ma bai kalle ta ba. Ya riƙe kwanon yana ƙona masa tafi, ba damar ci gaban surukai, ba damar ajiyewa.

"Hajiya," Alhaji ya ce, "ba ki ce komai ba."

Ta ja hanci. Ta ɗauki takalmin hagu daga kan tebur, ta juya shi, ta karanta lambar, ta tura yatsa ciki har baki. Sannan ta kalli ƙafar da ke kan matashi, ta sake kallon takalmin, tana aunawa da ido yadda take auna kan mai kitso.

"To ai yanzu da aka rage yatsun, Alhaji, zai shige ka daidai."